Wasiƙa ga Masu Gyaran Kwamfuta na Birnin Zariya

'Yan'uwa, daga na Ƙofar Doka har na Babban Dodo, da maƙwabtanmu na Tudun Wada.

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum daga Windows 10. Shi kuma Windows 11 ba ya yarda da injin da ba shi da TPM 2.0, kuma kun fi kowa sanin yawan tsofaffin laftof da ke hannun ɗaliban Kongo da Nuhu Bamalli waɗanda ba su cika wannan sharaɗi ba. Su injinan lafiyarsu ƙalau. Abin da aka saba shi ne a ɗora musu Windows na jabu, bayan wata biyu mai abu ya dawo yana kukan furojet ɗinsa ya salwanta. Ina roƙonku ku riƙa nuna wa irin wannan mutum Linux.

Ba sabon abu ba ne. Linus Torvalds ya fara shi a Finland a 1991, Ubuntu ya fito a 2004, Linux Mint kuma a kan Ubuntu aka gina shi. Kyauta ne, halal ne ka kwafa ka ba wani. Mint mai fuskar Xfce yana tafiya sumul a inji mai RAM 4GB. Amma wa'azi ba ya sa mutum ya bar abin da ya saba. A kan teburinku ake yanke hukunci, domin duk abin da mai gyara ya ɗora, shi gida zai ci.

To, ku ɗora shi da amana. Kafin ku taɓa komai, ku kunna wa mai injin Linux daga filash, ya buɗe takardarsa da LibreOffice, ya gwada Wi-Fi da sauti da firintarsa da hannunsa. In ya gamsu, a kwashe fayilolinsa a adana, sannan a ɗora. Ku cika masa duk abin da zai buƙata tun a shago, saboda kuɗin data. Mutum ɗaya ya sauke, sauran shaguna su kwafa. Kuma ku faɗi gaskiya: mai buga katin biki da CorelDraw ku bar shi da abinsa, sai in shi ya nemi koyon Inkscape. Wanda aka yaudara sau ɗaya zai gaya wa unguwa guda.

Abin da ya fi damuna shi ne Hausa. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan Abubakar Imam ya zauna ya yi aiki, amma yau malamin makaranta a Kwarbai yana buga jarrabawa babu ƙugiya ko ɗaya, ɓarawo ya koma barawo. Alhali Linux yana zuwa da tsarin madannai na Hausa a cikinsa, ɓ da ɗ da ƙ suna nan, kunnawa kawai ake yi. Minti biyu ne. Kada inji ya bar shagonku ba ku kunna shi kun nuna wa mai shi ba.

Fassarar Hausa da ke cikin waɗannan manhajoji kuwa kaɗan ce, wani wurin ma ta tsufa. Ƙofa a buɗe take ga kowa, ta shafin Launchpad na Ubuntu. Ku kuke jin kalmomin da mutane ke faɗa a bakin shago, malaman Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello kuma suna nan Samaru. A haɗu ko da sau ɗaya a wata, a ɗauki fuska ɗaya a gama ta. In kun ci karo da matsala, ku aika rahoto ga masu manhajar, da sunan injin da abin da ya faru, domin wanda ke Turai bai san yadda yawan ɗauke wuta ke wahalar da inji ba.

Don Allah, kowane shago ya ajiye filash ɗaya mai Linux Mint, ya koya wa yaran shago ɗora shi kafin a yaye su. Allah ya sa albarka a sana'a.