Ruwa ne maganin farko na ƙuna

Yara, garinmu Tamanrasat yana cikin duwatsun Ahaggar, a kudancin Aljeriya. Da hunturu, sanyin dare yana da tsanani. Kowane gida yana hura gawayi, ana jin ɗumi, ana dafa shayi. A wannan lokaci ne yara suka fi ƙonewa, da garwashi ko da tafasasshen ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna tana kashe mutum wajen 180.000 kowace shekara.

Ƙuna iri uku ce. Ta farko, fata ta yi ja, tana zafi. Ta biyu, fata ta yi bororo. Ta uku, wuta ta ci fata har ciki, wurin ya yi fari ko baƙi. Wannan ita ce mafi muni, ko da ba ta zafi.

Da yaro ya ƙone, sai ka ga ana gudun neman ɗanyen ƙwai, ko mai, ko toka, ko man goge haƙora. Ni a ganina, ya kamata mu bar wannan al'ada. Mai yana riƙe zafi cikin fata. Ƙwai da toka suna kawo ƙwayoyin cuta.

Ga abin yi: a zuba ruwa mai sanyi bisa ƙunar har minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da munduwa kafin wurin ya kumbura. Kada a fasa bororo, kada a ɓamɓare tufar da ta manne. A rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a lulluɓe yaron don kada sanyi ya kama shi.

Wani zai ce ruwa yana da tsada a Sahara. Gaskiya ne. Tun 2011, daga In Salah ake turo mana shi, tafiyar kilomita 750. Amma fatar ƙanenka ta fi jarka guda daraja.

In ƙunar ta fi tafin hannun yaron girma, ko tana fuska, hannu ko gaɓa, ko ta uku ce, a kai shi asibiti maza. Lambar masu kashe gobara ita ce 14.

Yau in kun koma gida, ku karanta wa inna da baba wannan darasi.