Rigimar Zomo da Tiana: wa ke da gaskiya cikin masoyan Disney?

Yau zancen namu na Amurka ne, inda aka kwashe shekaru ana cacar baki a kan wani abin wasa. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada. To a yi haƙuri a bi ni sannu, domin rigimar tsakanin mai kaya ce da masu sayen kayansa, kuma cikinta akwai tatsuniyar da kakanninmu suka san irinta.

Kamfanin Disney, mai yin fina-finan zane da yaranmu ke kallo a talabijin da salula, yana da manyan filayen shaƙatawa, ɗaya a jihar Kalifoniya, wani a jihar Fulorida. Tikitin yini guda ya haura dala 100 ta Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba, wato sama da jikka 50 ke nan ga mutum guda. A shekarar 1989 aka buɗe wani abin hawa mai suna Splash Mountain a filin Kalifoniya, a 1992 kuma aka buɗe irinsa a Fulorida da birnin Tokiyo na Japan. Dutse ne ginanne, da ruwa yana gudana cikinsa. Mutane su shiga kwalekwale mai siffar gungumen icce, ruwa ya yi ta yawo da su kusan minti goma, suna wuce mutum-mutumin dabbobi masu motsi da waƙa. Labarin da ake nuna masu na Zomo ne da ya bar gida yawon duniya, Dila na bin sa. Can ƙarshe Dila ya kama shi, kwalekwale ya fara hawa tudu cikin duhu, ga ungulaye biyu a sama suna yi wa mahaya ba'a. Sai Zomo ya yi dabara, ya roƙi Dila ya yi masa kowane irin hukunci amma kada ya jefa shi cikin ƙaya. Dila ya jefa shi, alhali cikin ƙayar nan aka haife shi. A daidai nan kwalekwale ke gangarowa daga tsawon kusan mita 15, kowa ya jiƙe sharkaf yana ihu.

Matsalar tana ga tushen labarin. Daga wani fim na 1946 mai suna Song of the South aka ɗauko shi. Fim ɗin yana nuna wani dattijo baƙar fata, Uncle Remus, yana ba ɗan masu gandu tatsuniya a jihar Jojiya, bayan yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta a 1865. Baƙaƙen da ke cikinsa kullum cikin murmushi da waƙa suke yi wa Turawa hidima, kamar ba a taɓa dukan kowa ko sayar da ɗan kowa a gandun ba. Tun fitowarsa ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP ta yi tir da wannan kwaskwarima. Abin takaici, James Baskett wanda ya fito a matsayin dattijon bai halarci bikin buɗe fim ɗin a Atlanta ba, saboda wariyar launin fata da ke birnin a lokacin. Rabon da a nuna fim ɗin a sinimomin Amurka tun 1986, kamfanin bai taɓa sayar da cikakken kaset ɗinsa a can ba, kuma Bob Iger, wanda ya daɗe yana jagorancin Disney, ya faɗa a 2020 cewa fim ɗin bai dace da wannan zamani ba.

A watan Mayu na 2020 ɗan sanda ya kashe George Floyd, Amurka ta ɗauki zafi. Dubban mutane suka sa hannu a intanet suna neman a canja Splash Mountain. A watan Yuni kamfanin ya ba da sanarwar zai mai da shi na Tiana, jarumar fim ɗin The Princess and the Frog na 2009, wadda ita ce gimbiya baƙar fata ta farko a fina-finan zanen Disney. Kamfanin ya ce tun 2019 yake wannan shiri. Aka rufe na Fulorida a Janairun 2023, na Kalifoniya a Mayun shekarar. Sabon, mai suna Tiana's Bayou Adventure, ya buɗe a Fulorida a Yunin 2024, a Kalifoniya kuma a Nuwamba.

Tun daga nan masoya suka dare. Masu son tsohon suka ce an rushe masu ƙuruciyarsu. Mutum ya hau abin nan yana goye a wuyan ubansa, ya girma ya kai nasa ɗan, yau an ce babu. Hujjarsu ita ce dattijon nan Uncle Remus bai fito ko sau ɗaya cikin abin hawan ba, dabbobi ne kawai, kuma yawancin masu hawa ba su taɓa ganin fim ɗin ba. A ranakun ƙarshe an yi dogayen layuka na awoyi don bankwana. Har wasu masu idon ciniki suka ɗebi ruwan wurin cikin kwalabe suka sa shi kasuwa a eBay. Ɗan kasuwa dai ko'ina ɗan kasuwa ne!

Masu son sabon kuwa suka ce an daɗe ana jiran wannan rana. Ƴarinya baƙar fata ta shiga filin da iyayenta suka biya kuɗi mai yawa, ta ga mai kama da ita ce ke da dutsen gaba ɗaya. Cikin waɗanda suka jagoranci aikin ma akwai mata baƙar fata irin su Charita Carter. Kuma ƴan'uwana mata, Tiana ɗin nan taku ce. A fim ɗin ba ƴar sarki ba ce, ƴar mai ɗinki ce a birnin New Orleans, tana aiki wuri biyu dare da rana, tana tara ƴan kuɗinta cikin gwangwanaye don ta buɗe gidan abinci. Abincinta fanke ne irin na Faransawa da wata miya da suke kira gumbo, sunan da ya yi daidai da yadda Faransawa ke kiran kuɓewa. An kuma samo wani ɓangare na halinta daga wata mata ta gaske, Leah Chase, shahararriyar mai dafa abinci ta birnin, wadda ta rasu a 2019. A sabon abin hawan har an nuna kasuwancin Tiana ya bunƙasa ya zama na haɗin gwiwa, ma'aikatan su ne masu shi.

Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ba a cika jin muryarsu ba saboda hayaniyar sauran. Su sun yarda a canja, amma da suka hau sabon sai suka ce miya ta yi kyan gani, ba yaji. Labarin shi ne Tiana da abokinta kada mai busa ƙaho suna neman makaɗa cikin dabbobin fadama don wani biki. Ke nan. Babu mugu, babu mai bin wani. Bokan nan Dr. Facilier, wanda shi ne mugun fim ɗin, ba a sa shi ba. Kwalekwale yana hawa tudun nan cikin kiɗa da murna, sannan ya faɗo, mahayi bai san dalilin faɗuwarsa ba. Ga kuma yawan lalacewar na'urori da aka yi ta kuka da shi a watannin farko.

To ni ga nawa ra'ayi. Kamfanin ya yi daidai da ya canja. Ku ɗauka wani mai kanti ne ke sayar maku da kaya shekara 30, amma duk ranar da kuka ce a nuna maku buhun da kayan suka fito sai ya tura shi ƙarƙashin tebur. Ai kun san akwai magana. Haka Disney ya yi: ya kulle fim a ɗaki don kunya, yana kuma karɓar kuɗin mutane da waƙoƙinsa da dabbobinsa. Wannan ba ciniki ne mai ɗorewa ba. Hujjar cewa masu hawa ba su san tushen ba ita ma ba ta tsaya ba, domin rashin sanin mai saye ba ya wanke mai sayarwa. Hawayen masu son tsohon na gaskiya ne, ban raina su ba, Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Amma kewar mutum ɗaya ba ta isa ta sa a ce wa jikan bayi ya haɗiye nasa ciwon ba.

Sai dai kashi na uku su ma suna da gaskiya, kuma su ne kamfanin ya kamata ya fi saurara. Duk wadda ta taɓa canja wa masu cinikinta irin shinkafa ko irin man da suka saba ta san ƙa'idar: in za ki raba mutum da abin da ya saba, sabon sai ya fi tsohon, in ba haka ba kullum sai an yi maki gorin na da. Tsoron kada a ɓata wa kowa rai ya sa aka yi labarin da ba ya tayar wa kowa hankali. Kuma a ganina wannan tauye wa Tiana haƙƙi ne. Matar da aka san ta da faɗi-tashi da haƙuri da talauci, an mai da ita mai rabon gayyatar biki. Wanda bai taɓa ganin wahalarta ba, yaya zai san darajar nasararta? Kada kuma a ce wanda ya soki sabon lalle mai ƙin baƙar fata ne. Wasu haka ne, ba a musu. Amma da yawa abokan ciniki ne da suka biya kuɗinsu suka faɗi abin da suka gani.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne Zomo. Shi me ya yi? Tatsuniyoyin nan ba na Disney ba ne, ba kuma na Joel Chandler Harris ba ne, Baturen ɗan jaridar Atlanta da ya ji su daga bakin baƙaƙen gandu ya buga su cikin littafi a 1880. A bakin bayin da aka kwasa daga Afirka suka tsallaka teku. Cikin labaran akwai wanda aka kama Zomo da mutum-mutumin kwalta, ya mare shi hannu ya liƙe, ya shure shi ƙafa ta liƙe. Wa ya girma a ƙasar Hausa bai ji yadda budurwar ɗanko ta kama Gizo a gona ba? Mutanen Gana ma suna da irinsa game da Ananse. Bayin nan ba don nishaɗi kawai suke ba ƴaƴansu labarin ƙaramin da ke cin galabar babba da wayo ba, darasin zama da mai ƙarfi ne. Fim ɗin 1946 ya sa wa labarin ƙazamar riga, sai aka tashi aka jefar da rigar har da mai ita. Haushin kaza aka huce a kan dami. Kamfanin da ke da dubban masu zane da marubuta bai rasa yadda zai kwance Zomo daga wancan fim ya ba shi sabon gida ba, in da ya so.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa tausayi kaɗai ya motsa su. Tiana tana da ƴan tsana da riguna da ake sayarwa, an ma buɗe gidan abinci da sunanta a filin Kalifoniya a 2023. Zomo kuwa fim ɗinsa a kulle yake, ba ya kawo ciniki. A Tokiyo, inda wani kamfanin Japan mai suna Oriental Land ke da filin yana biyan Disney kuɗin amfani da suna, ba a canja Splash Mountain ba lokacin da aka canja na Amurka. Ka ga ashe kasuwa ce ke yanke hukunci, kowane wuri da irin masu sayensa. Ba laifi ba ne gaskiya da riba su haɗu a hanya ɗaya, amma mu da ke zaune a rumfa mun san bambancinsu.

Saboda haka in aka tambaye ni wa ke da gaskiya, sai in ce masu son canji sun yi gaskiya a kan dalili, masu kukan rashin yaji sun yi gaskiya a kan aiki, masu kewa kuma a yi masu uzuri. Wanda ya yi asara shi ne Zomo, da bai sami mai tsaya masa ba. Mu kuwa namu Gizo da Ƙoƙi da Zomo da Kura suna nan ba wanda ya kulle su, sai dai mu da muka bar yara da salula bayan sallar isha'i. Uwa ko kaka da ta rufe rumfa ta koma gida yau, ta gwada cewa ga ta nan ga ta nanku, ta ga ko yaran sun san amsar. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, sai mun sake haɗuwa.