Jami'ar gwamnati, jami'ar kuɗi: wa ke biyan shekarun da suka salwanta?

Da zarar sakamakon bak ya fito, lissafi ɗaya ne ke hana iyaye barci daga Yamai har Damagaram. Ɗan kasuwa ya duba jarinsa, ma'aikaci ya duba albashinsa, kowa na tambayar inda zai kai yaro. A ido, jami'ar gwamnati ce mai arha: kuɗin rajista kaɗan ne, ga begen samun bursi, ga ɗaki da abinci in an dace. Makarantar kuɗi kuwa jikkuna ɗaruruwa take ci kowace shekara.

Sai dai wannan lissafi ya manta da lokaci. Jami'ar Yamai, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1973 kuma aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, ita ta horar da akasarin likitoci, alƙalai da malaman ƙasar nan. Amma tun ranar 9 ga Fabrairu 1990, da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy, kalandarta ba ta zauna daidai ba. Tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya ya gindaya, da karyewar darajar sefa a 1994, suka haifar da bashin albashi da na bursi, yajin aiki ya bi yajin aiki, aka yi ta shafe shekarar karatu ɗungurungum. Ko a 2019 an yi watanni ana ja-in-ja tsakanin gwamnati da ƙungiyar malamai ta SNECS kan naɗa shugabannin jami'o'i. Lisansin shekara 3 da ya koma shekara 5 ba arha ba ne. Uba ne ke ciyar da saurayi shekara 2 a banza, kuma babu rasit ɗin da ke nuna wannan asara.

To me mai kuɗi ke saye? Galibi ba wani ilimi na daban ba ne, domin sau da yawa malamin da ya koyar da safe a jami'ar gwamnati shi ne ke shiga ajin makarantar kuɗi da yamma. Abin da ake saye shi ne a fara a kan kari, a gama a kan kari. Wannan ba abin rainawa ba ne. Amma a duba fannonin: lissafin kuɗi, harkar banki, kasuwanci, kwamfuta, wato duk abin da allo da alli ke wadatarwa. Binciken irin gero, ilimin ƙasa da ma'adinai, masu bukatar ɗakin gwaji da gona, an bar wa gwamnati kayanta.

Sannan ga maganar difloma. Takardar da hukuma ba ta amince da ita ba, ko wadda hukumar CAMES ba ta tantance ba, tana iya zama ado a bango ranar jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Uban da ya sayar da shanu ya cancanci sanin wannan tun kafin ya biya kashin farko.

Buɗe jami'o'in Maradi, Tawa da Damagaram a 2010, da ƙarin 4 a 2014, ya rage wa Yamai cunkoso, bai warkar da ciwon kalanda ba. Nauyi na wuyan ma'aikatar ilimi mai zurfi: ta biya bursi da haƙƙin malamai a kan lokaci, ta kuma buga sunayen makarantun kuɗi da fannonin da ta amince da su, a jarida da rediyo, da Hausa da Zabarmanci, kafin a buɗe rajistar watan Oktoba.