"Da Sauƙi" Ba Ma'auni Ba Ne: Auna Lafiyar Mai Fuka

A al'adar Bahaushe, idan aka tambayi majinyaci "Yaya jiki?" amsar ita ce "Da sauƙi," ko da kuwa a zaune ya kwana yana kokawa da numfashi. Wannan kyakkyawar tarbiyya ce, amma ga mai cutar fuka, wato asma, tana da haɗari, domin likitan da ya dogara da ita zai sallame shi da maganin da bai wadatar ba.

Zariya ba baƙuwa ba ce ga binciken wannan cuta. A shekarar 1975, lokacin da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake Tudun Wada (sai a 2005 ya koma Shika), Dokta David Warrell da abokan aikinsa suka wallafa nazarin majinyata 106. Sun gano cewa mafi yawansu sai da suka girma cutar ta kama su, kuma da dama ta fi takura musu da damina, ba da hunturu ba kamar yadda ake zato. Cutar da ke sauyawa da yanayi kuwa, ba a gane halinta da gani ɗaya.

Abin da ya kamata shi ne a auna. Tun 1959 Martin Wright na Ingila ya fito da na'urar da majinyaci ke hurawa don a ga ƙarfin fitar numfashinsa. Idan ya gaza rabin abin da ya saba kaiwa yana lafiya, to asibiti ba jinkiri. Amma ko babu na'ura, akwai tambayoyi huɗu na ƙungiyar GINA game da makonni huɗun da suka shige. Shin fukar ta taso da rana fiye da sau biyu a mako? Ta tashe shi daga barci? Ya shaƙi maganin gaggawa, irin su Ventolin, fiye da sau biyu a mako? Ta hana shi aiki? "E" uku ko huɗu na nufin cutar ba ta lafa ba, sai a binciki yadda yake shaƙar maganin rigakafi, ko a ƙara shi.

Tambayoyin nan ba sa cin ko kwabo. Saura kawai a yi su da Hausa, da baki, a kowace ziyara, a kuma rubuta amsar a katin majinyaci. Ga ɗan acaɓa, a tambaye shi kwana nawa ya ajiye babur. Ga uwargida, sau nawa hayaƙin murhu ya kore ta daga madafi.