An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Raddi Ga Masu Cewa Jahilci Ke Kashe Mutanen Illo

Malam,

Ranar sadakar ukun matar ƙanena, wadda ta rasu wajen haihuwa daga ƙauyenmu na bayan Illo, ka yi wa jama'a magana bayan an shafa addu'a. Ka ce jahilci ne ke cinye mutanen wannan yanki, maganinsa kuma guda ɗaya ne, wayar da kai. Ka rufe da cewa rashin sani ya fi dare duhu, mutane suka gyaɗa kai. Ban tanka ba a lokacin, don tabarmar makoki ba wurin musu ba ce, ga shi kuma kai babba ne gare ni, ka ƙarar da ƙuruciyarka a aikin lafiya. Amma maganar ta hana ni barci, domin ba kai kaɗai ke faɗarta ba. Ana faɗarta a ofisoshi, ana faɗarta a manyan taruka, kuma a kanta ake yanke inda kuɗin lafiya za su tafi. Hujjoji biyar ka kawo. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in karɓi abin da ke gaskiya a cikinsu, in mayar maka da sauran.

Hujja ta farko: sun fi son kemis da mai magani a kan asibiti

Na yarda ana yin haka, saura mu tambayi dalili. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan jinya a Nijeriya daga aljihun majinyaci da danginsa suke fitowa. Dubi lokacin da ciwo ke yawaita a nan, watau Agusta da Satumba. Rumbu ya yi ƙasa, 'yan kuɗin hannu sun tafi ga taki da 'yan ƙwadago, shinkafa ba ta nuna ba. A daidai lokacin ne zazzaɓi ke kwantar da yara, a lokacin ne kuma laka ke datse hanya. Magidancin da ɗansa ya kwana da zafin jiki sai ya zauna ya ƙirga: kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, kuɗin kati, kuɗin gwajin jini, kuɗin maganin da za a rubuta masa ya sayo a waje, da yinin gona guda da zai yi asara. Mai kemis kuwa yana bakin kasuwa, sun san juna, zai yanka masa rabin katin ƙwaya, ya kuma ɗaga masa ƙafa har kaka. Magidancin ma ya san rabin magani ba ya kashe cuta. Iyakar abin da aljihunsa ya kai ke nan. Ka zaunar da shi a ƙarƙashin bishiya ka yi masa bayani sau goma, gobe wurin mai kemis zai koma, don bayani ba ya biyan kuɗin mashin.

Hujja ta biyu: an raba musu gidan sauro, sun mayar da shi shingen lambu

Akwai waɗanda suka yi haka, ni ma na gani, galibi da tsohon gidan sauron da ya yayyage. Amma alƙaluma ba su goyi bayanka ba. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 52 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi, mafi yawa a duk ƙasar, alhali a Legas kashi 2 ne kacal. Binciken nan dai ya nuna cewa sama da gida tara cikin goma a Kebbi suna da gidan sauro, a Legas kuwa ko ɗaya cikin uku bai cika ba. Da ƙin gidan sauro ne ke kawo cutar, da Legas ce za ta fi kowa kwanciya.

Bambancin yana ga inda mutum ke kwana da abin da yake ci da shi. Mutanenmu a bakin Kwara suke, fadama ce gonarsu, ruwa kuma na kwance a cikinta damina da rani. Manomi na kwana a bukka yana gadin injin ban ruwa, masunci na kwana a jirgi. Iyali na zaune a tsakar gida har dare ya raba saboda zafi da rashin wuta, sauro ya gama cin su kafin su shiga ɗaki, ɗakin ma tsakanin bango da rufi a buɗe yake. A Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Nuwamban 2015, aka yi ta yabon jihar da cewa ita ke ciyar da ƙasa. Fadamar da ke ba da shinkafar ita ce ke ba da sauron. Da aka tashi fara allurar rigakafin zazzaɓin a Disambar 2024, Kebbi na cikin jihohi biyu na farko, ita da Bayelsa. Nauyin cutar aka duba, kuma nauyin daga muhalli da talauci yake.

Hujja ta uku: kunya ce ke hana mata haihuwa a asibiti

A nan zan daɗe, Malam, don a kan gawar da muka binne ka faɗe ta. Gaskiya ne a binciken 2018 ko haihuwa ɗaya cikin goma a Kebbi ba a yi ta a hannun ƙwararriyar ma'aikaciya ba. Gaskiya ne kuma akwai kunya, musamman a cikin fari, akwai jiran izinin miji. Amma tun 1994 masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka nuna cewa jinkiri uku ne ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Kai na farko kaɗai ka ambata. Bari in gaya maka yadda daren ya kasance, don ina wurin.

Ta haihu bayan isha'i, mace, lafiya lau. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle. Ungozoma da kanta ta leƙo zaure ta ce a fita da ita yanzu. Ƙanena bai tsaya neman shawarar kowa ba. Ruwan sama ya cika kwarin da ke tsakaninmu da babbar hanya, mashin ba ya wucewa, sai muka shimfiɗa katifa a amalanken shanu. Wajen sha biyun dare muka isa ƙaramin asibiti mafi kusa, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Aka taso ma'aikacin daga gida, mutum ɗaya tilo da ke riƙe da wurin dare da rana. Ya zo da gudu, ya duba ta da fitilar waya. Allurar tsayar da jini babu, don sanyi take so, firjin kuwa ya daɗe da mutuwa. Jinin da za a ƙara mata babu. Ya ɗaura mata ruwa, ya ce a nemi mota. Mai motar ya ce sai an ba shi kuɗin mai a hannu, ƙanena ya jinginar da buhunan shinkafar da ba a ko yanke ba. Kafin kiran assalatu ta cika a hanya, kanta a cinyar uwarta.

Kai ka fi ni sanin cewa zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Mu mun yi sama da awa shida muna neman agaji. A wane mataki na wannan dare jahilci ya shiga? Matan ƙauyen duk sun ji labarin kwaɗon nan. In gobe wata ta ce gara ta haihu a ɗakinta, darasin da aka koya mata ta ɗauka.

Hujja ta huɗu: suna tsallakawa Benin saboda raina na gida

Wannan hujja ta rushe ta farko. Mutumin da ka ce yana gudun asibiti, ga shi ya canza naira zuwa sefa, ya bi ta Lolo, ya ratsa shingayen jami'ai, ya je inda ake rubuta takarda da Faransanci, duk don likita ya duba matarsa. Mai ƙin asibiti ba ya shan wannan wahala.

Dalilansa a fili suke. Malanville ta Benin ta fi kusa da Illo nesa ba kusa ba a kan Birnin Kebbi, wadda sai an ƙetare Kwara an yi doguwar tafiya kafin a kai. Tun Afrilun 2009 Benin ta ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa a asibitocin da ta ware, mu kuwa sai a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da irin wannan ga mata marasa ƙarfi. Iyakar kanta baƙuwa ce. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba ƙasar Borgu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo suka faɗa hannun Ingila, dangi ɗaya suka wayi gari a ƙasa biyu. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, aka kuma hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban shekarar, 'yan sumoga aka nufa, amma mai ɗauko majinyaci da dare shi ya biya farashin. Wannan shawara a ofis aka yanke ta, masu digiri suka sa hannu.

Hujja ta biyar: sun miƙa komai ga ƙaddara, suna gudun rigakafi

Imani da ƙaddara bai taɓa hana Musulmi neman magani ba. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Malam Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duka sun yi rubutu kan magani. Idan ka ji uwa ta ce haka Allah Ya so, ka lura da lokacin da ta faɗa: bayan ta sayar da akuyarta ne, bayan ta yi duk abin da za ta iya. Da kalmar take rarrashin zuciyarta.

Shakkar rigakafi kuwa tana da tarihi, ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wannan na cikin abin da ya rura ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Duk da haka, da aka sa sarakuna da malamai a gaba, mutanen Arewa suka buɗe ƙofofinsu, har aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Nijeriya a Agustan 2020. Kurkunu ma haka. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu shi sama da 650,000 a ƙasar nan. Babu allura, babu ƙwaya, matatar ruwa da rijiyoyi aka kai ƙauyuka, mutanen karkara suka riƙa tace ruwansu, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida an rabu da shi. Waɗanda ka kira jahilai su suka yi wannan aiki, ranar da aka sa musu kayan aikin a hannu.

Abin da ba ka ambata ba

Binciken 2018 ya nuna yara 252 cikin kowane 1,000 a Kebbi ba sa kai shekara biyar, a Ogun kuwa 30 ne. Ya kuma nuna kashi 66 cikin 100 na ƙananan yaranmu sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a jihar da ake wa kirari da shinkafa da kifi. Kwamitin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Michael Marmot ya kammala a 2008 cewa irin wannan tazara daga yanayin da ake haifar mutum, ya girma, ya yi aiki a ciki take fitowa, da yadda aka raba dukiya da iko. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Haƙƙinmu ne mu tambayi nawa ya iso bayan Kwara.

Ban wanke mutanenmu tas ba. Mijin da ya yi tafiya bai bar izini da 'yan kuɗin ko-ta-kwana ba ya yi laifi. Uban da ya cire 'yarsa daga makaranta ya aurar kafin ƙugunta ya ƙosa ya yi laifi, kuma ilimin 'ya mace na cikin manyan abubuwan da ke raya jarirai. Wayar da kai na da amfani. Sai dai ita ce mafi arha a cikin duk abin da ake bin gwamnati, shi ya sa aka fi son ta. Da zarar an ce jahilci ne, an sauke nauyi daga kan mai gina hanya, da mai tura ungozoma, da mai gyara firji, an ɗora shi a kan wadda ke cikin kabari.

Roƙona gare ka, Malam, ana jin maganarka a inda ba a jin tawa. In ka shiga wurin manya, ka nema mana kwalbati a kan kwarin nan, da ungozoma biyu masu ɗakin kwana a harabar asibiti, da wutar sola mai riƙe firji, da wurin ajiyar jini a wannan gefen kogi, da rijiyar burtsatse, da makarantar da 'yan mata za su gama. In waɗannan suka samu mata suka ƙi zuwa, zan zo har gida in ba ka haƙuri.

Jaririyar tana nan hannun kakarta, an mayar mata da sunan uwarta. Nan da shekara ashirin, in Allah Ya raya ta, ita ma za ta durƙusa naƙuda a wannan ƙauye, wataƙila da damina, wataƙila da dare. Abin da za ta tarar a ƙofar asibitin nan, yau ake yanke shi. Allah Ya jiƙan mahaifiyarta, Ya ba mu ikon faɗar gaskiya. Wassalam.