Ido Ba Mudu Ba Ne, Balle a Gashin Nama



A Babbar Sallar da ta wuce wani ƙanen maigidana da ke karatu a ƙasar waje ya zo mana da wata tsaraba wadda ta ba mata dariya a gidanmu. Wani ɗan ƙarfe ne mai tsini, tsawonsa bai wuce na alƙalami ba. Ya soka shi cikin cinyar ragon layya, ya ɗora cinyar a kan garwashi, ya kifa mata babban kwano, sa'an nan ya koma zaure wajen baƙi ya miƙe ƙafa abinsa. Can an jima sai wayarsa ta yi ƙara, ya leƙo ya ce, “Yaya, a sauke, ya yi.” Surukata ta riƙe haɓa ta ce ita dai tun kafin a haife shi take gasa nama, ba ta taɓa jin inda nama ya yi wa mutum waya ba.

Ni ma na yi dariya a ranar. Amma da aka yanka cinyar nan na ga ta gasu har ƙashi, ba ta kuma bushe ba, sai na tuna da wata kaza da na taɓa gasa wa baƙi. Bayanta ya yi ja wur, gwanin sha'awa, amma da aka ɓalle cinyar a gaban mutane sai ga danyen nama a jikin ƙashi. Kunyar da na ji a ranar Allah kaɗai Ya sani.

Abin ba tsafi ba ne, ma'aunin zafi ne. A bakin tsinin akwai abin da ke jin zafin tsakiyar nama, a gindinsa kuma, wanda ya rage a waje, akwai mai jin zafin wutar. Shi ne zai riƙa aika lissafin zuwa wayar hannu ba tare da wata igiya ta haɗa su ba. Kya faɗa wa wayar irin naman da zafin da kike so ya kai, in ya kai sai ta kira ki.

Mutanen Amurka suna yawan amfani da shi, kuma da dalili. A can, musamman a jihar Tekzas, suna da al'adar ɗaukar ƙirjin sa sukutum su sa a rufaffen murhu, da wuta kaɗan da hayaƙin itace, zafin bai fi digiri 110 zuwa 120 ba, su bar shi awa 10 ko 12, wani lokaci ma fiye. In zafin cikin naman ya kai wajen digiri 65 zuwa 70 sai ya tsaya cik, ya yi awoyi bai ƙaru ba, domin ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi kamar yadda gumi ke sanyaya mutum. Duk buɗe murfin da aka yi don a leƙa kuwa, zafi ne ke gudu. To, wanda zai kwana yana irin wannan gadi, lalle ya so abin da zai tashe shi daga barci.

Mu a nan ba haka muke yi ba, na sani. Amma fa abin da ma'aunin nan yake nunawa ya shafe mu, ko mun saye shi ko ba mu saya ba. Mun saba cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wajen nama ido bai san kima ba. Garwashi mai ƙarfi yakan ƙona bayan nama tun zafi bai kai tsakiya ba, ga ƙuli-ƙuli da yaji da mai sun ba shi launi mai ruɗi. Ma'aikatar gona ta Amurka ta taɓa bincike a kan niƙaƙƙen nama, ta tarar cewa a cikin kowane curi 4 da aka gasa, 1 yakan sake launi kamar ya dahu alhali bai kai zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta ba. Hayaƙi kuma nasa ruɗin a juye yake. Akwai iskar da ke cikinsa wadda ke kama jan nama ta riƙe, sai ki ga naman ya dahu sarai amma gefensa ja, ki yi ta ƙara masa wuta har ya zama kamar fatar ganga.

Ga lissafin da ma'aikatar nan ta bayar, ya kamata kowace mace ta haddace shi kamar yadda ta haddace awon tuwonta. Kaza da zabo da agwagwa da duk mai fuka-fuki, tsakiyarsu ta kai digiri 74. Niƙaƙƙen naman sa ko na rago, digiri 71. Tsokar sa ko ta rago da ba a niƙa ba, digiri 63, sa'an nan a bar ta ta huta minti 3 kafin a yanka. Dalilin bambancin shi ne, a tsoka ƙwayoyin cuta galibi a bayanta suke, inda wuta ke fara ci, amma niƙa yakan cusa su har ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta taƙaita maganar, ta ce a dafa abinci ya kai digiri 70. Ni a nawa gidan, ganin yadda tsila ke shiga cikin mutum ta hanyar naman shanun da bai dahu ba, ga kuma yadda nama ke yini a kan tebur a kasuwa, 70 ɗin nan nake bi ko a tsoka, kaza kuwa sai 74.

Kada wata ta ce ai ɗan ciwon ciki ne, gobe ya wuce. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Kuma in an dubi yawan jama'a, Afirka ce abin ya fi yi wa nauyi. Babba ya ci ya yi gudawar kwana biyu ya tashi. Yaron da aka yaye jiya, wanda kika tsame wa hanta da ɗan tattausan nama don ƙauna, shi ne amai da gudawa za su tsotse cikin dare ɗaya. Mu malamai mun san yadda aji yakan zama bayan hutun Sallah, ana ta neman izinin fita.

To, sai ki saya ke nan? A ganina, marar igiyar nan ba shi ne farkon bukatarmu ba. Yana da tsada, yana son caji, ga shi muna fama da rashin wuta, kuma saƙon da yake aikawa yakan raunana in akwai katanga mai kauri tsakaninki da murhu. Ban da haka, yawancin gashinmu ba ya bukatarsa. Tsire da kilishi sun yi siriri, babu inda za a soka shi. Bandarmu kuma ba irin ta Amurkawa ba ce. Su suna yi ne don a ci a ranar, mu muna yi ne don nama ko kifi ya bushe ya daɗe, ma'aunin zafi kuwa bai san bushewa ba. A nan hannun tsohuwa da hancinta sun fi shi, kuma surukata tana da gaskiyarta.

Akwai ƙanensa mai araha, wanda ake sokawa a karanta nan take a zare. Wannan shi nake ba ki shawara ki nema, ko ku haɗa kuɗi ku saya ke da abokiyar zamanki ko maƙwabciya. Marar igiyar kuwa sai ga wadda ke gasa cinya guda ko kaji da yawa a rufe, ko mai sana'ar abincin biki. Ita kam zai fisshe ta, domin ba ƙaramin abu ba ne mace ta samu ta tashi daga bakin hayaƙi, idanu na hawaye, goyo na tari, ta je ta yi salla a natse.

In kin samu, ki soka shi a inda naman ya fi kauri, kada ya taɓa ƙashi, kada kuma ya zauna cikin kitse, don za su ba ki lissafin ƙarya. A kaza, cikin cinya da ƙirji za ki gwada. Ki duba harafin da ke gefen lambar. Duk lissafin da na ba ki na C ne. Amurkawa da F suke aiki, inda 74 ta zama 165, saboda haka wadda ta ga 74 a F ta sauke kaza, danya sharaf ta sauke. Ki wanke tsinin da sabulu duk lokacin da ya shiga danyen nama. Kada kuma ki kuskura ki ɗauko na asibiti da ake sa wa yaro a hammata, wannan iyakarsa wajen digiri 42, na gilashi ma fashewa zai yi.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin gida. In akwai ma'aunin a gidanku ko a ɗakin koyon girki, ku gwada ko yana faɗin gaskiya. Ku cika kofi da fasasshiyar ƙanƙara da ruwa kaɗan, ku sa shi, ya kamata ya nuna 0. A tafasasshen ruwa kuma kusan 100, amma ba daidai a ko'ina ba, domin ruwa yakan tafasa da wuri a kan tudu. A Legas za ku ga 100, a Kano wajen 98, a Jos wajen 96. Kada ku jefar da shi ku ce ya lalace.

Abu guda da ma'aunin ba zai yi miki ba, uwargida, shi ne tsaron naman bayan an sauke. In kin mai da gasasshen nama cikin tiren da danyensa ya kwanta, kin maido masa abin da wuta ta kashe. In kuma ya wuce awa 2 a ajiye, ba a kan wuta ba, ba a firiji ba, ƙudaje na kai da kawowa, to kada a ba yara, ko da an mai da shi wuta.