Ƙari biyu a wuri ɗaya: kada ki bar takardar gwaji a asibiti

A hunturun da ya wuce na raka yayata asibiti a nan Ingila, ni ce tafintarta. Wata huɗu tana fama da kumburin ciki, loma uku ta ƙoshi, ga fitsari a kai a kai. Ta sha kanwa, ta sha maganin olsa, shiru. Da aka yi mata sikanin, likita ta ce akwai ƙari a ma'ajiyar ƙwanta ta hagu, irin wanda ake kira damoid, kuma galibinsa ba kansa ba ne.

Aka yi aiki aka cire. Da aka gaya mana an ga kitse da gashi har da haƙori a ciki, Yaya ta riƙe baki ta ce, "Ke, wannan ai jifa ne." Likita ta yi mana bayani cewa damoid yana tasowa ne daga ƙwayar halittar da ke zama ƙwan mace, wadda ke iya rikiɗa ta zama fata ko gashi ko haƙori. Babu hannun kowa a ciki.

Ranar komawa ta zo, Yaya ta ce ba ta zuwa. "An cire abu, me kuma ya rage?" Na ce, "Yaya, don Allah ki daure, saura sakamakon gwajin tsokar." Da ƙyar ta yarda.

Ashe ƙari biyu ne. Bayan damoid ɗin akwai wani mai ruwa mai yauƙi, kowanne da irin tsokarsa, suna manne amma ba su gauraya ba. Ba kasafai ake ganin haka ba. Na biyun irin na tsaka-tsaki ne: bai kai cikakkiyar kansa ba, amma ba a barin mai shi babu bibiya. Da mun zauna a gida, da ba mu san da shi ba.

To, me ya hana sikanin ganinsa? Kitse da gashin damoid suna tare sautin da na'urar ke aikawa, sai abin da ke bayansu ya shiga inuwa. Hoton MRI ya fi iya raba kitse da ruwa. Gwajin jini na CA-125 shi ma ba hukunci ba ne: haila da juna biyu da faibiroid suna iya ɗaga shi, kuma yana iya zama daidai alhali akwai ƙari mai yauƙi. Maganar ƙarshe tana wajen likitan da ya yayyanka tsokar ya duba ta a madubin likita.

Da yawanmu kan yi aiki a gida lokacin hutu, ko a Masar ko Indiya, mu hau jirgi tun sakamakon bai fito ba. 'Yar uwa, ki tambaya ko an aika abin da aka cire ɗakin gwaji. Ki karɓi sakamakon a rubuce, ki ɗauki hotonsa a waya, ki nuna wa likitanki na inda kike zaune. Kumburin cikin da ya ƙi tafiya kuma, kada ki bar shi a kan kanwa.

Yaya tana nan lafiya, tana zuwa bibiya. Takardarta tana cikin jakar fasfo. Allah ya ƙara mana lafiya.